Jarumin da Yake Faɗuwa

Wani ƙara ne yake fitowa daga ɗakin jikokina tun satin jiya: fuuu, sai kuma tim. Na leƙa na tarar da su gaban tele, kowa da wani abu mai maɓallai a hannu, manet suke ce masa. Tunda aka rufe gadar kan iyaka a wannan mulkin soja, a kwalekwale aka ƙetaro da na'urar daga Malanville. A cikin gilashin ga wani ƙato da mayafi a baya, yana tsalle daga bene zuwa bene. Babban jikana, wanda nake tsokana da maigida, yana bugawa yana tsaki. Wai daga fim aka ciro wasan, kuma masu sharhi a salula duk sun kushe shi: muryar ba ta ɗan fim ɗin ba ce, mutumin yana maƙalewa a bango, ga yawan faɗuwa, alhali a fim bai taɓa faɗuwa ba.

Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, amma wannan shari'ar na san ta tun ba a haifi uwar jikan nan ba.

Zamanin sojan farko ne. Baffa, ƙanin mahaifina, yana bin babbar mota zuwa Parakou, can ya shiga silima. Ya dawo da labarin wani mutum mai jan mayafi, mai tashi sama yana cafe waɗanda suka faɗo. Na dame shi da tambaya: da me yake tashi, mayafin ba ya harɗe shi, in ya gaji ina yake sauka? Da ya gaji da ni, sai na mai da labarin wasa.

Ruwan kogi ya ja baya, an gama yankan shinkafa, akwai tsohon kwalekwale a kife bakin fadama. Dokata ita ce: ka ɗaura zanen Inna a wuya, ka goya ƙaraminmu, ka bi ta kan gindin kwalekwalen mai santsi, ka yi tsalle zuwa tudu. In ka faɗa laka, ka kwance zane ka ba na bayanka. Har yau ina jin warin lakar nan, kifi-kifi da ruɓaɓɓen kara, da sanyinta a gwiwa.

Ranar da zanen ya yage, Baba ya ce wanda ya kawo labarin shi zai yanke hukunci. In ya ce shirme ne, an daina. Bayan la'asar Baffa ya zo fadama, Kaka na biye da shi a hankali. Ya harɗe hannu ya kalle mu, ya fara jero laifi. Zanen ba ja ba ne. Babu kiɗa. Jarumin ba mace ba ne. Babban laifin kuwa, shi na gaske ba ya faɗuwa. Na ga wasana ya mutu.

Kaka ta dube shi ta ce, "To kai da ka san ba zai faɗi ba, me ka zauna kana kallo a silimar? Ke, ɗaura masa zanen."

Ya goya ƙanena, ya hau. Bai yi nisa ba santsi ya kwashe shi, laka har kunne, ƙanena a kansa yana ƙyalƙyala dariya. Ya miƙe, ya tofar da laka, bai kwance zanen ba.

"Tsaya, ban shirya ba ne. A sake."

Na ce masa doka doka ce. Ya ba na bayansa, ya koma ƙarshen layi, da gemunsa. Ga Baba kuwa cewa ya yi ko kusa wasan bai yi kama da fim ba, amma a bar yaran.

Yanzu an yi gine-gine a wannan bakin fadamar, kuma faɗuwar yaran yau ba ta ɓata zane. Abin da nake son sani shi ne, su masu sharhin nan, bayan sun gama jero laifi, sun ajiye ko sun ce a sake? Maigida ya ce bai sani ba. Na ce to shi da ya ce wasan banza ne, me ya hana shi tashi? Ya ce, "Kaka, saura kaɗan in wuce benen nan."

Na ce ya miƙo manet ɗin. Na danna abin da ya nuna mini, ƙaton ya taka sau ɗaya ya rikito ƙasa, tim. Maigida ya miƙo hannu zai karɓa. Na janye.

"Tsaya, ban shirya ba ne."