Zabibin Kawu

Shekarata ta biyu ina tuƙi a Riyadh, ɗaki ɗaya muke a unguwar Al-Oud da wani dattijo magini, mutumin garinmu, ina ce masa Kawu. Sanyin ƙashi ya kama masa gwiwoyi har sai a kan kujera yake salla.

Wata rana ya dawo daga aiki yana washe baki. Wai wani ɗan Filifin da suke aiki tare ya ba shi sirri: kakarsa zabibi take jiƙawa a giya, ta ci guda tara kullum, har rawa take yi.

Na ce, "Kawu, giya fa? A Saudiyya?"

"A'uzu billahi! Ai maganin yana cikin zabibin, giyar 'yar rakiya ce. Ruwan tuffa za mu sa."

Muka je kasuwar Aziziya ya zaɓo zabibi mai ruwan zinare, yana ɗanɗanawa yana "kam haza?", wato nawa ne wannan, kamar mai sayen shago. Muka cika kwalba, muka toshe, ya ajiye ta a bakin taga. Tsakiyar zafi ne, na'urar sanyaya ɗakinmu kuma sai ta ga dama take aiki.

Ranar Juma'a muna cin kabsa, dafa-dukar Larabawa, sai muka ji fau! Murfi ya daki silin, kumfa na tsiyaya a bango. Warin da ya tashi na san shi, don na taɓa zama kusa da masu burkutu.

"Kawu, mun haɗa giya."

Sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Kawu ya ce, "'Yan sanda! Iƙamata!" Wato takardar izinin zamansa a ƙasar. Ya zabura ya tsallake faranti, ya suri kwalba, ya faɗa banɗaki. Ban taɓa ganin gudunsa ba sai ranar. Na buɗe ƙofa, ashe maƙwabcinmu ne ɗan Sudan, ya zaci tukunyar gas ce ta fashe. Ya shaƙi iska, ya dube ni, ya dubi Kawu da ya leƙo da kumfa a gemu, ya sulale ƙasa yana dariya. Muka taya shi har cikina ya ƙulle. Kawu na istigfari yana ƙyaƙyatawa.

Gwiwar ta kumbura washegari, dole na kai shi asibiti. Likitar 'yar Najeriya ce. Da ta ji labarin sai da ta cire tabarau ta share hawaye, sannan ta rubuta masa ƙwayoyi da man shafawa, ta hana shi hawan bene da bulo a kai.