Ranar da Teku Ta Janye wa Zayyanu

Zayyanu ɗan Sarkawan Yauri ne, a gidan da aka haife shi kwale-kwale uku ne ɗaure a bayan danga. Tun bai iya ɗaura wando ba ya iya riƙe filafili, kuma in hira ta yi daɗi sai ya gaya maka yana ɗan shekara goma sha biyu ya haye kogi da buhunan shinkafa shi kaɗai. Amma ba a ruwa Allah ya ajiye masa abincinsa ba. Kawunsa ya koya masa mota a tashar Yelwa, ya yi shekaru yana jigila zuwa Kwantagora, daga baya aka samo masa bizar direban gida. A 2004 ya sauka Riyad, garin da sai ka yi wata shida ba ka ga ko kududdufi ba.

Gida ɗaya ya yi wa aiki tun zuwansa, gidan Abu Mish'al a unguwar Nasim. Abu Mish'al tsohon malamin makaranta ne, ciwon suga ya taɓa masa ido har likita ya hana shi tuƙi. Zayyanu yana kiransa Baba, matarsa kuma Mama. Ɗakinsa na jikin katanga, ƙofarsa na kallon titi. Daga nan ya kai 'ya'yan gidan makaranta, ya kai Mama kasuwa, ya kai Baba asibiti, shekara goma sha huɗu ko fitilar mota bai taɓa fasawa ba. Da wannan aikin ya rufa wa matarsa Rabi'atu asiri a Yauri, yaransa biyar suna karatu.

Mutumin kirki ne, wannan ba gardama. Sai dai Allah ya zuba masa zargi. In bakanike ya ce birki ya cinye, sai ya ce a ciro tsohon ya gani da idonsa. In ka tsawaita masa gaisuwa, zai yi shiru yana jiran jin abin da ka zo roƙo. Hausawan da ke haɗuwa a shagon shayi a Batha ranar Juma'a sun san shi sarai, har sukan ce ko dabino ka miƙa wa Zayyanu sai ya tsaga ya leƙa cikinsa kafin ya ce na gode.

To irin wannan mutum ne shekarar 2018 ta zo ta samu, shekarar da aka ba matan ƙasar izinin tuƙi. Lulwa, babbar 'yar gidan, wadda Zayyanu ya riƙa kaiwa firamare da ɗan goranta na ruwa, yanzu tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, ta shiga makarantar koyon mota. Abin takaicin, shi ne mai kai ta. Ya ajiye ta, ya zauna a waje yana kallon mata suna zagaye fili, ransa na ɓaci. Ta karɓi lasisi, Baba ya yarda ta riƙa zagayawa cikin unguwa, amma ya ce babbar hanya kam a'a. Wannan a'a ɗin ita kaɗai ta rage wa Zayyanu.

Abokinsa Buraima, direba ne a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, shi ya tono maganar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, wata Juma'a.

"Basarke, iƙamarka saura wata nawa?"

"Uku."

"Kafil ɗinka, Abu Mish'al, bai ce za a sabunta ba?"

"Ko tari bai yi ba."

"To ka tambaye shi mana, ai ba zagi ba ne."

"In tambaya in tuna masa? Kai ba ka san Larabawa ba. Ka manta Dawuda? Umra suka kai shi, otal mai kyau, suna dawowa suka miƙa masa takardar fita ta ƙarshe. Ni yanzu duk alherin da aka yi mini a gidan nan sai na juya shi na duba bayansa."

Buraima ya yi dariya ya ce Allah ya sawwaƙe masa. Zayyanu bai yi dariya ba, don tsoro ne na gaske a cikinsa. Ya haura hamsin, bai san abin da zai koma ya yi a Yauri ba.

Ana cikin haka hutun tsakiyar shekara ya matso. Wata rana yana tuƙi ya ji Lulwa a baya tana karanta wa iyayenta wani abu daga waya. Wai a gaɓar tekun gabas akwai masu ba da hayar jirgin ruwa, mai ɗan ɗaki da inuwa, ba matuƙi. A nuna maka yadda yake, a ba ka, ka shiga da iyalinka ka tuƙa da kanka, da yamma ka dawo da shi. Za su kama gida a bakin ruwa kwana uku. Zayyanu ya damƙe sitiyari. Wato yanzu har jirgi ma ba ya bukatar matuƙi, kuma a gabansa aka zaɓi a karanta don ya ji.

Sai Baba ya ce, "Ya Zayyan, ba kai ne kake ba mu labarin koginku ba? Kai za ka riƙe mana jirgin."

"In sha Allahu, Baba."

Kwana biyu yana juya maganar. Ko dai gwaji ne, ko kuwa irin Umrar Dawuda ce aka shirya masa. A ƙarshe ya yanke cewa ko wanne ne, dama ce ta zo. Yarinya ta iya zagaya unguwa da mota, to a zo ruwa a ga wanda gidan ba zai iya yi ba sai da shi.

Suka kama hanyar Dammam da safe, shi da Baba a gaba, Mama da Lulwa da ƙanwarta a baya. A wurin hayar wani ɗan Indiya siriri ya karɓe su, aka cike takardu, aka duba iƙamar Zayyanu, aka raba musu rigunan ruwa. Mutumin ya nuna maƙunna da giya da anga, Zayyanu na gyaɗa kai kamar ana koya masa cin tuwo. Sannan ya shimfiɗa taswira ya ɗora yatsa kan wani ɗan tsibirin yashi. Ya ce da Larabcinsa na 'yan aiki, wurin nan da kyau, amma in sun je su bar shi kafin azahar, don ruwa zai janye ya bar jirgin a ƙasa. Ya maimaita sau biyu. Ya ƙara da cewa in suna so zai iya raka su.

Zayyanu ya ji kowace kalma, kuma nan take ya ga inda aka dosa. Kogin Yauri yana janyewa, ƙwarai, amma wata da watanni yake ɗauka, kana gani yana sauka kaɗan-kaɗan har rani. Ruwan da zai cika da safe ya ƙafe da rana, wannan sai a gaya wa mutanen sahara. Mutumin so yake ya tsorata su su ɗauke shi aiki, ko su dawo da jirgin da wuri ya sake ba wasu. Zayyanu ya ce masa, "Shukran, ya sadiƙ, ba ma bukata."

Ranar farko Zayyanu ya ji daɗin da ya manta akwai shi a duniya. Da jirgin ya bar gaɓa, iska mai sanyi ta buge shi, hannunsa ya tuna abin da ya sani. Yana karkata hancin jirgin ya tari igiyar ruwa, ba jijjiga, ko shayin Mama bai zube ba. Baba sai masha Allah yake yi. Ƙanwar Lulwa ta ɗauke shi hoto, ya ce ta tura masa ya aika wa Rabi'atu. Har ƙwalla ta zo masa, ya ce gishiri ne.

Rana ta biyu suka nufi tsibirin da hantsi. Ruwa garau, kana hango yashin ƙasa. Zayyanu ya zura gora ya auna, ruwan ya kai ƙirjin mutum. Ya matsa da su bakin tudun suka sauka da tabarma da tukunyar shinkafar kabsa da butar gahawa, sannan ya mayar da jirgin inda ya auna ya jefa anga. Wajen sha ɗaya da rabi Lulwa ta duba waya ta ce, "Ammu Zayyan, jadawalin ya nuna ruwa ya fara sauka. Mutumin ya ce kafin azahar."

Da wani ne ya faɗa, wataƙila da ya saurara. Amma Lulwa ce, a gaban ubanta, da waya a hannu. A kunnen Zayyanu abin da ta ce shi ne, a nan ma wayata ta fi ka.

"Na auna da hannuna," in ji shi. "Ruwan da ya kai ƙirji ba ya ƙafewa a wuni ɗaya. Ku ci abincinku, Baba."

Baba ya dubi 'yarsa ya ce, "Ajiye wayar nan, ya binti. A cikin ruwa aka haifi mutumin nan."

Lulwa ta ajiye wayar. Zayyanu ya ji kansa ya yi girma. Ya yi alwala, ya ja Baba sallar azahar a kan yashi, aka ci kabsa, aka kishingiɗa.

Mama ce ta fara cewa jirgin kamar ya karkace. Zayyanu ya miƙe ya duba. Inda ya auna ƙirji ɗazu, yanzu ko gwiwa bai kai ba. Ya ruga cikin ruwan ya ciro anga, ya sa kafaɗa ya tura. Jirgin ya motsa taku biyu ya zauna. Ya sake turawa, yana kiran sunan Allah, ruwan na zamewa daga ƙafafunsa yana gani. A turawa ta uku ƙafarsa ta dama ta sauka kan ɓawon kawa, wani dodon-koɗin teku mai kaifi, ya tsarge masa tafin ƙafa daga dunduniya har tsakiya. Bai ma ji zafin ba sai da ya ga jini a ruwa. Kafin la'asar jirgin na kwance a kan laka, teku ta koma can nesa tana ƙyalli.

Ba wanda ya yi masa faɗa, kuma wannan ya fi masa ciwo. Lulwa ta kira ɗan Indiyan, ya ce ba abin da za a yi sai ruwa ya dawo, su zauna a inuwa. Ita ta tuna da allurar sugar Baba, ta duba ta ga sun taho da ita. Ita ta wanke wa Zayyanu ƙafa da ruwan gora ta ɗaure da ɗankwalin ƙanwarta. Shi kuwa ya zauna a gindin jirgin, kunya kamar ta kashe shi, yana kallon ƙananan ƙaguwa suna yawo a inda ya rantse ruwa ba zai bari ba. Dab da magariba ruwan ya dawo da kansa, kamar yadda aka faɗa. Ɗan Indiyan ya iso da ƙaramin jirgi da akwatin magani, ya ja su zuwa gaɓa. Ko kallon na-gaya-maka bai yi wa Zayyanu ba.

A asibiti aka yi masa ɗinki takwas, likita ya ce kada ya taka birki sai bayan sati uku. Washegari aka tsaya cirko-cirko a gaban mota. Baba ba ya gani sosai, Zayyanu ga ƙafa a naɗe, Riyad kuma kilomita ɗari huɗu.

"Zan iya, Baba," in ji Zayyanu. "Da hagu ma zan taka."

"La, la, ya Zayyan. Haram." Baba ya dubi Lulwa ya daɗe, sannan ya ce, "Bismillah. A hankali."

Aka sa Zayyanu a baya don ya miƙe ƙafa. Tunda ya zo ƙasar bai taɓa zama a kujerar nan ba. Ya kafa wa hannayen yarinyar ido, ya kafa wa madubi, yana jiran kuskure, kuma Allah ya sani har addu'ar ta yi ɗan ƙarami ya yi a ransa, wanda ba zai cutar da kowa ba. Ta wuce manyan motocin dakon kaya da sigina. Iska ta kwaso yashi ta watsa a hanya, ta rage gudu ta kunna fitila, daidai yadda shi zai yi. A shingen 'yan sanda ta miƙa lasisi, aka duba aka ce ta wuce. Ya gane har riƙon sitiyarinta nasa ne, shekara goma sha huɗu tana zaune a bayansa tana kallo. Har suka shiga Nasim bai samu abin da zai kama ba.

Ta tsaya a ƙofar gida ta kashe mota. Baba ya sauke numfashi, ya juyo da fara'a, ba ƙeta ko kaɗan a fuskarsa, ya dafa gwiwar Zayyanu.

"Ka ga ikon Allah, ya Zayyan? Da ba ka ji ciwon nan ba, wallahi da har in mutu ban ba ta babbar hanya ba. Ashe ta iya haka!"

Zayyanu ya buɗe baki ya ce, "Masha Allah." Wata shida yana neman wanda zai ƙulla masa makirci ya nuna wa gidan nan za su iya ba tare da shi ba, ya zargi yarinyar, ya zargi ubanta, ya zargi bawan Allah ɗan Indiya. Ashe da ƙafarsa zai je ya nuna musu.

Da safe ya ji an tayar da mota. Ya ɗingisa ya buɗe ƙofar ɗakinsa. Lulwa ce za ta kai Baba asibiti ganin likitan suga. Mama ta leƙo daga ƙofar gida ta ce ya koma ya kwanta, za a kawo masa shayi, kada ya damu da komai. Ya tsaya riƙe da ƙyauren har motar ta sha kwana. Saura kwana arba'in iƙamarsa ta ƙare, kuma har yanzu ba wanda ya ce masa komai.