Anti Tsawa da Ɗakin Shiru

Babu wanda ya taɓa cewa Anti Tsawa tana da daɗin zama, ita ma ba ta taɓa neman a ce ba. Shekara goma sha huɗu ta yi a gidan da ake ajiye yara bayan an tashi daga makaranta, wani bene mai ɗakuna uku a saman shagon masu gyaran waya. Yara ne suka raɗa mata sunan, iyaye suka ɗauka, har ta kai in an kira ta da sunanta na yanka ba ta waiwayowa.

Ita ce babba a cikin 'ya'ya tara, don haka tun ba ta kai tsayin tebur ba take goyo. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya ya bar mata maza biyu, ta rene su da wannan muryar har suka kama gabansu. Da shara ta shiga gidan, a zamanin tsohuwar malamar da ta kafa shi. Tsohuwar ta lura mai sharar ta fi malamai sanin wanda bai ci abinci ba da wanda takalmi ya matse, sai ta karɓe tsintsiyar ta damƙa mata 'yan ƙanana.

Ƙarfe biyu motar makaranta ke zubo su, tun daga matakala ake jin ta. "A wanke hannu! Kai, jakar ubanka ce za ka jefar a hanya? Ke, zo nan in ga hancin nan!" Iyaye sun tsane ta saboda ba ta raga musu. Uwar da ta turo ɗa da zazzaɓi sai ta wanke ta tas a gaban kowa.

Da tsohuwar ta rasu, gidan ya koma hannun 'yar ƙanwarta, wadda ta ce a riƙa kiranta Madam. Madam ta sallami malamai biyu, ta ƙara yara ashirin, ta yi wa bango fenti. Bango ɗaya tak, wanda ake ɗaukar hoto a gabansa. Kullum ƙarfe huɗu da rabi kowane uba da kowace uwa za su ji waya ta yi ƙara, ga ɗansu riƙe da littafi yana washe baki, a ƙasa an rubuta: yau ma mun wuni lafiya. Iyaye suka yi ta sa mata albarka.

Yaro mai kuka yana ɓata hoto, yana kuma tayar da na kusa da shi. Sai Madam ta sa aka kau da bokitan fenti a ɗakin ajiya na ƙarshen baranda, inda ake jibge katifu, ta sa masa suna ɗakin shiru. Taga babu, sai wata kafa a can sama. Makullin kuwa a aljihun Anti Tsawa yake kwana.

Wadda ta fi kowa shiga ɗakin ita ce 'Yar Nas, mai shekara shida. Uwarta nas ce, ba ta tashi daga asibiti sai shida ta gota, kullum ita ce ta ƙarshen tafiya. Hayaniya ce ba ta iyawa; da ɗaki ya ɗauki ihu sai ta toshe kunnuwa ta fashe da kuka. Madam ba ta ko ɗaga kai daga waya take cewa, "Anti, kai ta ɗakin shiru."

A faɗi gaskiya, da hannunta Anti Tsawa take kai ta. Ta ce wa ranta minti goma ne, minti goman ya koma awa biyu. Ta yi mita, to amma mita ai abincinta ce, wa zai kula? Ta haura hamsin, gwiwoyinta sun fara ƙara, ta san in ta bar benen nan babu mai ɗaukarta. Kafin shida sai ta buɗe, ta wanke wa yarinyar fuska, ta gyara mata kitso, ta miƙa wa uwar. Abin yana cin ranta, ta kuma tsani kanta a kansa, amma gobe ta sake.

Hoto kuwa bai taɓa fashi ba. Wata rana da yarinyar ta tashi da fara'a, Madam ta ɗauke ta hoto kusan talatin, da littafi, da ƙwallo, da kofi. Kayan makaranta iri ɗaya ne kullum, sai ta riƙa tura wa uwar ɗaya-ɗaya kamar na ranar ne.

Ranar wata Alhamis, biyar saura, sai ga nas ta hau benen da fararen kayanta, waya a hannu.

"Madam, wannan hoton na yau ne?"

"Na yau ne mana, Maman yarinya. Lafiya?"

"Haƙorinta na gaba ya fita tun Litinin, yana cikin jakata. A nan kuma ga shi a bakinta. Tsirowa ya yi?"

Madam ta yi dariyar yaƙe ta ce waya ce ta cakuɗa hotuna. Nas ta ce ita ba waya ta zo gani ba, ina 'yarta? Madam ta ce tana bayi, ta juyo ta kafe Anti Tsawa da ido. Anti ta gane kallon sarai: ki lallaɓa ki fito da ita ta baya, ko ki nemi wani aikin. Shekara goma sha huɗu tana tsawa, ran nan da ƙyar muryar ta fito.

"Ba ta bayi. Biyo ni."

Da ta buɗe, yarinyar tana zaune a kan katifu cikin duhu, jaka a baya, ba ta ma kuka. Tana ganin Anti Tsawa ta sauko ta miƙo fuska a wanke mata, kamar yadda ta saba.

Nas ta sunkuci 'yarta. "Tun yaushe?"

"Sati bakwai."

"Wa ke kawo ta nan?"

"Ni."

"Ke? Kullum kike kallon idona kina miƙo mini ita? Allah ya isa tsakanina da ke, baiwar Allah!"

Anti Tsawa ba ta ga inda matar ta yi ƙarya ba.

Kafin a rufe gidan a ranar, saƙo ya shiga wayar iyaye: an gano wata ma'aikaciya tana muzguna wa yara, an kuma kore ta nan take. Babu wanda ya yi tambaya. Wa zai yi wannan aikin in ba mai tsawar nan ba?

Ran Litinin ta tsaya a gindin matakala lokacin ɗaukar yara, jikin shagon masu gyaran waya. Wata uwar tagwaye ta kau da kai ta wuce. Wata ta ja tsaki. Sai ga wani ma'aikacin banki wanda ita ta koya wa ɗansa ɗaure igiyar takalmi.

"Baban yaro, minti ɗaya. In ka hau, ka ce a buɗe maka ɗakin ƙarshen baranda."

"Haba Anti, ki ji tsoron Allah. Ba ke aka kora ba?"

"Ni ce. Shi ya sa na san ɗakin."

Ya zaro waya ya doso mata fuska da ita. "Ga ɗana nan, lafiyarsa ƙalau."

"Na wace rana ne?"

Ya mai da wayar gabansa, ya daɗe yana duban hoton. Sannan ya ce ta matsa masa, wai ya bar mota a inda bai kamata ba.