Bargon da ya yi tsiro

Shekaru sun ja, yanzu ko zare zan zura a allura sai na nemi tabarau, amma akwai abin da ko na so ba zai fita daga raina ba: bargon farko da na ɗinka da hannuna, da abin da ya jawo wa ɗiyata ta fari.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, ana tsakiyar wahalar man fetur. Muna zaune a Sabon Gari, cikin Gusau. Maigidana direban bas ne tsakanin Gusau da Tsafe, sai ya yi kwana biyu a layin gidan mai motar ba ta motsa ba. A cikin wannan hali ɗiyata ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata, can wajen Bunguɗu. Da takardar ta zo ni na karanta da kaina, ina bin layi da yatsa kamar yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Bokiti, akwai. Kwano da cokali, akwai. Bargo. Nan yatsana ya tsaya. Bargo ɗaya ne a ɗakin yara, shi ƙannenta uku suke lulluɓa da shi.

Kun dai san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta zaunar da ita ta ce za ta yi kewarta. Shekara goma sha biyu "ke" nake ce mata. Sai na ƙudurta a raina, abin da bakina ba zai iya faɗa ba, bari hannuna ya faɗa. Malamarmu ta taɓa nuna mana bargon ƙyallaye, wanda ake haɗa guntayen atamfa a cusa auduga a tsakani. Sau ɗaya na gani, amma na ce zan iya.

Na ciro zanen da na ɗaura ranar sunanta, da tsohon zanen da na goya ta da shi, na yayyanka. Telan bakin layinmu ya ba ni ƙyallaye cike da leda. Saura auduga, sai na tafi Bilbis wurin Inna, mahaifiyata, don na san akwai ragowar ta bara daga gonar yayana.

"Mi za ki yi da kaɗa haka?" in ji Inna. Su can kaɗa suke ce wa auduga.

"Bargo zan yi wa yarinyar nan."

"To ki kwana biyu mu gurje ta, mu fidda angurya."

Na ce babu lokaci, zan tsince 'ya'yan da hannu a gida. Ta dube ni ta yi murmushi. "Allah shi ba da sa'a, Malama." In faɗa muku gaskiya, ba lokacin ba ne kawai. Gani nake na shiga aji, na riƙe fensir, aikin tsofaffi kuma ya wuce ni.

Kwana uku ina tsintar angurya, babban yatsana ya saluɓe, abin da na tsince bai cika ƙwarya biyu ba. Saura kwana biyu ta tafi makaranta. Na dubi buhun, na dubi yatsana, na ce a raina, wa zai farke ya duba ciki? Na cusa sauran da 'ya'yanta, na ɗinke bakin. Daga waje kuwa ya yi kyau, ja da kore da ruwan ƙwai, har maƙwabta suna leƙowa. Da na miƙa mata ta shafa wurin zanen sunan, ta gane shi. Ta ninke ta sa a akwati.

Ranar ziyara ta farko na soya ƙuli-ƙuli, na daka yaji, na hau mota. Damina ta daɗe ba ta ɗauke ba a shekarar, hanya duk taɓo. Ina shiga ƙofa na faɗi wadda nake nema, sai wata yarinya ta ƙwala kira: "Sarkin Noma! Fito, ga Ummanki!" Sauran suka kwashe da dariya. Ban gane ba, har ni ma na ɗan murmusa.

Sai ga ta ta fito. Ta rame, hanci na zuba, tana tari. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ja ni bayan ɗakin kwanansu, ta zaro bargon daga cikin wani buhu. Warin ruma ya fara dukana. Na buɗe, sai ga tsiro, fari-fari da ɗan kore a kai, ya huda ɗinkin ya fito ta ko'ina. Ashe ta wanke shi ne wata Asabar, aka yi kwana uku ana ruwa bai bushe ba, ta ninke shi da danshi ta tura ƙarƙashin gado. Da 'yan ɗakinsu suka gani suka rataye shi a ƙofa, kowa ta wuce sai ta tambayi yaushe za a yi girbi. Tun daga ranar, da zane ɗaya take kwana.

"Umma, ki tafi da ni gida," ta ce. "Wallahi ba zan iya zama ba. Ko a aji in na ɗaga hannu sai wata ta ce Sarkin Noma zai yi magana."

Na san in ta bi ni ranar, ba za ta koma ba. Na kuma san ba ruwan sama ne ya jawo ba. Sai na ce, "Ke, dube ni. Laifina ne. Na san da 'ya'yan a ciki na rufe. Ki ba ni mako biyu, in na dawo kin ce mu tafi, za mu tafi." Tun da na haife ta ban taɓa yi mata magana mai tsawo haka ba. Ta share hanci ta gyaɗa kai.

Washegari ina Bilbis. Inna na ganin bargon ta yi dariya har da hawaye. "Oh ni! Wanga bargo ne ko fadama?" Da ta dubi fuskata sai ta daina dariyar. Ta ce, "Ɗauko min dutse da magurji."

Muka farke ɗinkin duka, muka zubar da ta ciki, muka wanke ƙyallen da sabulun salo muka shanya. Ta ɗebo wata audugar, ta zaunar da ni kamar yarinya ta koya mini gurza: a ɗora auduga kaɗan a kan dutse, a murza ƙarfen da tafin hannu, angurya ta fice ta gaba. Bayan nan ta ɗauko bakan shiɓa, tana kaɗa tsirkiyar a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi. Muka shimfiɗa ta daidai, ta nuna mini yadda ake soka allura ta huda har ƙasa, duk faɗin tafin hannu, don kada ta dunƙule in an wanke. Wurin zanen sunan ya yi tabon ruma, na ɗauki almakashi zan cire. Inna ta riƙe hannuna. "Bar shi nan. Ki riƙa gani kina tunawa."

Da na koma makarantar da bargon da sabon ƙuli-ƙuli, 'yan matan suka taru. Wata mai baki ta ce, "Umma, irin bana aka kawo mana?" Ɗiyata ta sunkuyar da kai. Ni ba mai hayaniya ba ce, na dai shimfiɗa bargon a kan benci na ce, "'Ya'yana, ku zo ku lalube. Duk wadda ta taɓo ƙwara ɗaya, ƙuli-ƙulin nan duka nata ne." Suka rufar masa, suna matsawa, suna bin kusurwa-kusurwa. Babu. Mai bakin nan ta kai kumatunta ta goga, ta ce, "Kai, laushi! Umma, ni ma a yi mini mana."

Ɗiyata ce ta amsa, ba ni ba. "Sai ki kawo zanen sunanki. Wannan nawa ne." Ta janye bargonta ta saɓa a kafaɗa.

Ta rako ni bakin ƙofa. Na ce, "To, mu tafi?" Ta ce, "Umma, ki gaishe min da Inna." Ta juya ta koma. Saura kaɗan in kira sunanta.

A makarantar ta gama, sunan Sarkin Noma kuwa har yau ƙawayenta ba su daina ba, tana amsawa da dariya. Bargon yana ɗakinta, da tabonsa. Abin da na koya shi ne, wurin da ba a gani shi ya fi buƙatar a gyara, domin in ka rufe aibi ka miƙa wa wanda kake so, shi zai kwana da shi, ba kai ba. Kuma tun daga ranar, in tsohuwa ta ce in kwana biyu, kwana nake yi.