Halidu Mai Rijiya a Gidan Haya

Halidu mutumin Karofane ne, kuma haƙar rijiya ya gada. Tun yana saurayi ake ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi rami. Kafin ya kai shekara arba'in babu ƙauyen da ba a san shi ba, daga Karofane har Babankatami. Idan ya tsaya a fadama ya murza ƙasa a tafin hannu ya ce gaba goma sha biyu za a ishe ruwa, da wuya ya kuskure.

A shekarar 1984, da damina ta ƙi, masu aikin rijiyoyin siminti suka ɗauke shi shugaban mahaƙa, aka ce sai ya zauna Madawa. Ya kama haya a gidan Alhaji Muntari, mai fataucin albasa. Gidan siminti ne da Alhaji ya gina wa wani Bature, Baturen kuwa ya tashi. Halidu ya tare da matarsa Tabawa.

A ƙarshen gidan akwai ɗan ɗaki na ban ɗaki irin na Turawa: farin kwano na tangaran a ƙasa, ɗan tankin ƙarfe can sama kusa da rufi, sarƙa tana reto. Alhaji ya nuna masa ya ce, "Wanga dai ka san shi, ai kai ne mai ruwa." Halidu ya ce ya sani. Bai taɓa ganin irinsa ba.

Da Alhaji ya tafi, ya shiga ya ja sarƙar da ƙarfin da yake jan guga. Ruwa ya zubo da ruri har ya ja da baya. Ya tsaya yana jiran ya ɗauke. Rurin ya lafa, amma wani siririn ruwa ya ci gaba da gangarowa cikin kwanon, yana tsiyaya ba tsayawa. La'asar ta yi, magariba ta yi, yana nan yana zuba.

Halidu ya tabbata shi ya ɓata shi. Ya lalubo wani ɗan makunni a jikin bututu, ya murɗa, ya ji tsatsa ta cinye shi. Ya ji tsoron kada ya karya abu na biyu, ya sake shi. Washegari ya haƙa salga a bayan gida, aikin da bai ci masa wuni ba, ya sa wa ɗakin kwaɗo.

"Malam, ka faɗa wa Alhaji mana," in ji Tabawa.

"In ce masa mi? Ni da aka ɗauko don na san ruwa?"

A wannan shekarar mata kan yi layi a famfon unguwa tun hantsi, wasu su koma da tulu rabi. Halidu kan wuce su a motar aiki ya sunkuyar da kai. A ƙauyuka kuwa yakan tsaya bakin sabuwar rijiya yana yi wa mutane faɗa kada su zubar da ko ƙoƙo ɗaya. Idan ya dawo gida ya shimfiɗa buzu zai yi salla, sai ya ji tsiyayar nan ta bayan ƙofa. Har ya koma yin sallarsa a zaure.

Wata uku ana haka. Ramin da ruwan ke shiga ya cika, danshi ya bi ƙarƙashin ƙasa. Ciyawa ta fito kore shar a lungu, awakin unguwa suka riƙa taruwa a wurin. Ran nan da safe katangar maƙwabciyarsu ta zube, ta danne akurkin kajinta.

Maƙwabciyar sunanta Elizabet, dattijuwa ce Kirista wadda ta yi shekaru tana aikin shara da wanki a gidajen ma'aikatan asibitin mishan, kafin ta dawo Madawa wurin ɗanta. Ta tono gindin katangar da hannu ta ga laka jagab. Ta yi sallama ta shigo.

"Malam Halidu, ruwa daga gidanku yake fitowa."

Tabawa ce ta ɗauko mabuɗi ta buɗe kwaɗon.

Elizabet ta saurara kaɗan, ta ce a kawo mata turmi. Aka kife shi, ta hau, Tabawa na riƙe da ita. Ta ɗage murfin tankin ta sa hannu ciki ta ɗaga wani abu. Nan take tsiyayar ta tsaya. Ta saki, tsiyayar ta dawo. Ta sake ɗagawa, ta sake tsayawa.

"Hau ka gani da idonka," ta ce.

Halidu ya hau. A cikin tankin akwai ƙwallon tagulla a bakin wani siririn ƙarfe. Ta bayyana masa cewa ƙwallon kan yi iyo ne, idan ruwa ya cika sai ya taso ya toshe bakin bututu. Wannan kuwa ya nutse. Halidu ya kwance shi ya girgiza, ya ji ruwa na motsi a ciki. A gefensa akwai wata 'yar ɓula da ta yi kore don tsufa.

"Wagga ɓula ta girmi zuwanka garin nan," in ji Elizabet. "Ba jan sarƙa ke yin ta ba. Tun yaushe yake zuba?"

"Tun ranar da muka tare."

Ta dube shi, ta dubi Tabawa, ta koma gidanta. Halidu ya ce daga baya da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya kai ƙwallon wurin mai liƙin bokiti a kasuwa, aka tsiyaye shi aka liƙe da dalma kafin a kira azahar. Ya mayar da shi, tanki ya cika ya yi shiru. Daga nan ya wuce rumfar Alhaji Muntari, ya tsuguna ya faɗi kome, har da cewa ranar farko ƙarya ya yi da ya ce ya san abin. Alhaji ya ce ai Baturen ma ya sha yi masa ƙorafin tankin, har Baturen yakan ɗaure ƙarfen sama da zare don ruwan ya tsaya. Shi Alhaji mantawa ya yi bai faɗa masa ba.

Katangar Elizabet, Halidu bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Ya roƙi hutun kwana huɗu, ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, ya gina ta shi kaɗai a gaban masu wucewa. Duk wanda ya tsaya ya tambaya me ya kayar da ita, sai ya ce, "Ruwan gidana ne, ni na bar shi yana zuba." Kaji biyu da suka mutu ya kawo mata madadinsu, ta karɓi ɗaya ta mayar masa da ɗaya.

Ya ƙara shekara biyu a Madawa, sannan gwiwa ta fara damunsa ya koma Karofane ya kama noman gero. Ya rasu a 1989, bayan girbi. Elizabet ta hau motar kasuwa ta zo gaisuwa, ta kwana biyu a ɗakin Tabawa.