Lambar Da Na Zana A Wutsiyar Jirgi

Ni mai fenti ne. Lokacin da wannan abu ya same ni ina da shekara arba'in da 'yan kai, rumfata tana bayan Titin Koudoukou a nan unguwar Kilomita Biyar. Ina fesa wa motoci da babura fenti, ina rubuta allon shaguna. Boko ban yi nisa ba. Haruffan Faransanci zana su nake yi kamar fure: a ba ni takarda, in kwafe abin da na gani, ba ruwana da ma'ana. Har alfahari nake yi da haka.

Wani ɗan masu kuɗi ya dawo daga Douala da akwatin ƙarfe mai siffar jirgin sama, da hanci da wutsiya, a ciki ga kujeru biyu ga allon kwamfuta, mutum ya zauna ya yi ta tuƙi kamar gaske. Ya ajiye shi a shagonsa na bakin titi. Ya miƙo mini hoton da ya ciro a intanet, ya ce haka yake so sak, har lambar da ke jikin wutsiya. Yana murmushi ya ce jirgin yana da tarihi, tarihin ne zai jawo masa mutane. Ban tambayi wane tarihi ba. Kwana huɗu na yi a kai, da na gama na rubuta sunana da lambar wayata a ƙarƙashin fiffike, yadda muke yi.

Mahaifin matata ya rasu tana ƙarama. Abin da na sani ke nan, wai ya rasu a tafiya. Shekara ashirin muna tare ban taɓa tambaya ba. A wurinmu ba a zama hira da suruka. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, idona a ƙasa, in tashi. Ashe jirgi mijin nata ya shiga, jirgin ya tarwatse a cikin hamada, ko gawa ba a kawo musu ba. Ashe tsohuwar tana da guntun jarida a ƙasan akwatinta, hoton wutsiyar jirgin a kan rairayi, da lambar nan a jiki.

Tana kan mototaksi, wato babur ɗin haya, daga unguwarsu Yakité za ta kasuwa ta hango jirgin da na yi wa fenti. Ta sa aka tsaya. Samari suna ciki suna gasar wanda zai fi iya kifar da jirgin, mai shagon ya sa lasifika a waje, ana jin ƙarar faɗuwar suna ihu suna tafi. Ta tsaya har aka kifar da shi sau biyu, sannan ta sa direban ya karanta mata sunan da ke ƙarƙashin fiffike.

Yayan matata ta turo. Ya same ni a rumfa cikin mutane, ya kira ni jahili, ya ce na yi wa kabarin ubansu kwalliya na miƙa wa 'yan iska su yi wasa. Kalmar jahili ita ta ƙona ni. Na ce ƙarfe ƙarfe ne, ba ni na kayar da jirgin ba, su da suka ɓoye maganar shekara ashirin su ji da abinsu. Na ƙara da cewa mutumin da ya daɗe da zama ƙasa ba fenti ne zai dame shi ba. Wallahi na faɗa, kuma kowa ya ji.

Da na koma gida maganar ta riga ni. Matata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, Malam, ka je ka shafe shi, shi ke nan. Na ce ba na ɓata aikina don yayanta ya yi mini tsawa. Ta gama ba yara abinci, ta ɗauki mayafinta ta tafi Yakité.

Sai da na yi mako uku ina cin abincin kan titi sannan na ɗauki farin fenti na je shagon. Mai shi ya ce kayansa ne, kuma tun da rigimar ta tashi mutane suka ƙaru, har ya yi mini singila, wato godiya, yana dariya. Mai gadinsa ya turo ni waje. Sunana kawai aka bari na kankare. Allah Ya isa tsakanina da wannan yaron, amma ba shi ya buɗe bakina ba.

Tsohuwar ta rasu bara. Na je ta'aziyya, yayan matata ya bar hannuna a miƙe. Ban saki matata ba, ita ma ba ta nema ba, amma har yau tana can.

'Yan'uwana masu aikin hannu, duk wanda ya kawo muku hoto yana murmushi, ku tambaye shi mene ne kafin ku buɗe gwangwani. Wanda yake da suruka a raye, kunya ba ta hana ka tura a tambayo maka abin da ya kashe mijinta. In kuma an zo an ce ka taka wani a inda yake masa ciwo, ka ɗage ƙafarka a ranar. Ni na jira mako uku, na tarar ba wanda yake jirana.