Jifa a Rumfar Gwaggo

Ƙanena ya karye a cinya a kan hanyar Walia. Mota ce ta kwashe shi daga bayan klando, wato babur ɗin haya, mai babur ɗin ya tashi ya kakkaɓe wando, shi kuwa sai ɗaukarsa aka yi. Da asibiti suka sallame shi aka kawo shi gidan Gwaggo a Amriguebe, inda muka tashi mu biyu, inda kuma har yau nake zaune da iyalina a sashen baya. Gidan nata ne. Abin da ta ce a cikinsa shi ake yi, kuma ba ta maimaita magana.

Ƙashin ya ƙi haɗuwa da wuri. Da farko ƙanena yana hira da masu dubiya, daga baya ya koma amsa gaisuwa kawai, daga nan ya juya fuska ga bango. Tuwo ya shiga ɗakinsa ya fito yadda ya shiga. Mutum mai shekara talatin da ɗoriya, mai surutun da ake kora daga majalisa, ya zama sai an taɓa shi ake sanin yana numfashi.

Abokinsa ne ya fito da shi, wani malamin lise, wato sakandare, da kowa ke kira Metir. Wata Lahadi bayan la'asar ya zo da mutum biyu da wani ɗan akwati, suka ɗauko ƙanena suka jingina shi da matashi a rumfar tsakar gida. Na dawo daga kasuwar Dembe, inda nake sayar da gwanjo, na tarar da manyan mutane huɗu sun zagaye faifan kwali suna ihu. Abin da ya hana ni korarsu shi ne na ji muryar ƙanena a cikin ihun.

Wasan labari ne. Metir ne mai ba da labarin, shi ne kuma dukan maƙiya da mutanen gari. Sauran kowa yana da mutum ɗaya da yake magana a madadinsa, wannan mai takobi, wancan mai baka. Idan mutum ya ce zai yi wani abu da ba tabbas, sai ya jefa wani ɗan ludo mai fuska ashirin, lambar da ta fito ta nuna ko ya dace. Ba kuɗi a ciki, na duba wannan tun ranar farko.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne faɗansu. Da an ce maƙiya sun fito sai kowa ya kama magana, Faransanci da Larabci a cakuɗe, wannan ya sara sau biyu, wancan an tsallake shi. Ni mutum ne da ko dilar kaya zan kwance sai riguna sun bi riguna, wanduna sun bi wanduna. Na ce wa Metir, wannan wasan ba shi da layi ne? Ya ce yana da shi, su ne ba sa bi. Kafin a fara faɗa kowa zai jefa, mai babbar lamba shi ne gaba. Na shiga kicin na tattaro marafen kwalba, kowa na ba shi launinsa, na jera su a kan tire. Wanda marfinsa bai zo ba ya kama bakinsa. Haka na shiga, ban shirya ba.

Ban daɗe ina tsaron layi ba suka ba ni mutum. Masihirci ne kaɗai ya rage, don ba wanda ke da haƙurin dokokinsa. Sunan bai kwanta mini ba, amma dokokin suka ja ni. Ilimina na boko a firamare ya tsaya, Faransancina na ciniki ne, saboda haka duk dokar da Metir ya faɗa sai na mayar da ita Hausa a kaina kafin in yarda da ita. Idan layi ya zo kanka, kana da tafiya gwargwadon ƙafarka, kana da aiki ɗaya: sara, ko gudu, ko ɓuya, ko taimakon wani. Wasu suna da ƙaramin aiki na ƙari. Akwai kuma martani guda da kake ajiyewa don lokacin da layin wani ne, misali maƙiyi ya juya maka baya zai wuce. Masihirci shi ma aiki ɗaya gare shi, sai dai nasa yana da sharuɗɗa. Wani sihirin sai an furta kalma, to wanda aka toshe wa baki ba zai iya ba. Wani sai hannu a sake. Wani sai da kayan haɗi a jaka. Yana da adadin da zai yi, in ya ƙare sai ya kwana. Wani kuma sai ya riƙe shi da hankali, idan aka buge shi hankalin ya watse, sihirin ya warware, kuma ba a riƙe biyu a lokaci guda.

Na tambayi Metir me ake ce wa aikin yin sihirin. Ya faɗi kalma biyu na Faransanci, ya ce ta farko jefawa ce, kamar yadda ake jefa dutse. Na ce to jifa ke nan. Ƙanena ya yi dariya har ya riƙe cinya.

“Yaya, nemi wata kalmar.”

“Me ya sami wannan? Ba abin da ake nufi ke nan ba?”

“Shi ne dai ya sa.”

Ban saurare shi ba. Na riga na ajiye kalmar a wurinta.

Gwaggo tana da ɗan haya a ɗakin da ke jikin rumfar, wani Alhaji mai sayar da turare da bai daɗe da zuwa daga Kano ba. Ba ya jin Faransanci, Larabcin ma yana tsintarsa ne. A duk hayaniyarmu, abin da ke shiga kunnensa sarai Hausata ce kaɗai. Ban taɓa tunanin wannan ba. Ban kuma san a makon nan zazzaɓi ya kwantar da shi ba, yana bayan taga yana rawar ɗari.

A labarin ranar, wani attajiri ne ya tsare mutanenmu a rumbunsa da 'yan tauri. Mai takobi ya faɗi, mutumin ƙanena ya ji rauni, saura mini sihiri ɗaya. Marfina ya zo. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ni da furfura ta fara cin gemuna.

“Ku matsa daga gabansa. Ɗan kasuwan nan zan yi wa jifa. Ina da yashi, ina da gashin mujiya. Ya kwanta, kada ya tashi sai mun kwashe abin da ke ɗakinsa!”

Ƙanena yana buga matashi yana cewa a yi masa, Yaya, a yi masa. Ba a kai ga jefa ɗan ludon ba muka ji ƙofa ta buɗe. Alhaji ya fito lulluɓe da bargo a cikin zafin nan, bai kalle mu ba, ya nufi ɗakin Gwaggo yana karanta Falaƙi da ƙarfi.

Gwaggo ta fito da carbinta, aka ɗauko mata kujera. Matata ta leƙo daga sashenmu, matan maƙwabta biyu da suka zo aron turmi suka fasa tafiya. Alhaji ya zauna nesa da ni.

“Hajiya, da kunnena na ji. Ni kaɗai ne ɗan kasuwa baƙo a gidan nan. Tun Laraba nake kwance, ashe da dalili. In ɗakin ake so a faɗa mini, in kwashe kayana.”

Gwaggo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kai ka faɗa?”

“Ni na faɗa, Gwaggo, amma ba haka ba ne. Bari in yi miki bayani daki-daki.”

Da na ce wasa ne na yi shiru, da wataƙila ya wuce. Amma ni ban iya rabin bayani ba. Na ce da farko sai layi ya zo kanka. Na ce sannan ka zaɓi wanda za ka yi wa, kuma dole kana ganinsa, kada ya yi nisa. Alhaji ya dubi tagarsa. Na ce akwai kalmomin da ake furtawa, akwai motsin yatsu, akwai kayan haɗi, kowane aiki da nasa. Ɗaya daga cikin matan ta ce a'uzubillahi. Na ce ba kullum yake kamawa ba, in mutum yana da ƙarfin zuciya yakan tsallake. Alhaji ya ce Alhamdulillahi, azkar ɗinsa ne. Ina jin kaina ina nutsewa, bakina kuma bai tsaya ba, har sai da na kai ga cewa ni ba na wuce huɗu a yini, sai na yi barci suke dawowa.

“Huɗu a yini,” in ji Gwaggo. “Kai da kake sahun farko a masallaci.”

Metir ya yi ƙoƙarin sa baki da Larabci, ta ɗaga masa hannu.

“Malam, na gode da dubiya. Ku ɗauki kwalinku. Kalas, shi ke nan. Kada in ƙara ganinsa a gidan nan.”

Na dubi ƙanena. Ya zame daga matashin a hankali, ya juya fuskarsa ga katangar rumfa, daidai yadda yake yi a ɗaki. Na san in kwalin nan ya fita, gobe tuwo zai dawo yadda ya shiga.

Na durƙusa. Rabona da durƙusa wa Gwaggo a gaban mutane tun aurena.

“Gwaggo, kafin su tafi, ki bari in yi shi a gabanki. In kin ga abin da ya saɓa, ni da kaina zan ƙona kwalin.”

Ta daɗe tana jan carbi. Sai ta ce, “Yi mu gani.”

Na yi abubuwa masu wuya a rayuwata, amma ban san wanda ya kai wannan ba. Na koma gaban kwalin a kan gwiwoyina. Na nuna mata wani ɗan roba da bai kai babban yatsa ba, na ce wannan ni ne. Na nuna mata ƙwallon dabino, na ce wannan shi ne attajirin, don robobin Metir ba su isa ba. Matata ta rufe baki da mayafi.

“Ina yashin?” in ji Gwaggo.

“Babu yashi. Faɗa kawai ake yi.”

“Mujiyar fa?”

“Ita ma babu.”

“To kalmomin? Faɗe su in ji.”

“Ba wasu kalmomi, Gwaggo. Cewa nake yi mutumina ya faɗe su.”

“Wato kai katon banza ka miƙe tsaye kana yi wa ƙwallon dabino ihu.”

“Haka ne.”

Na matsar da ɗan robar gida uku, na ce wannan tafiyata ce. Na ce yanzu aikina. Na yi gyaran murya na ce na yi masa. Metir ya ce saura attajirin ya jefa, a ga ko zai tsallake. Ya miƙa hannu, sai Alhaji ya matso da bargonsa.

“Tsaya, Malam. Tunda ni aka yi wa, ni zan jefa wa kaina.”

Ya juya ɗan ludon a tafinsa yana duba lambobin, ya yi bisimilla, ya sake shi. Sha takwas.

“Ya tsallake,” in ji Metir. “Bai kama shi ba.”

“Bai kama ni ba?”

“Ko hamma ba ka yi ba, Alhaji.”

Alhaji ya ture bargon ya yi dariyar da ta koma tari. Daga wajen katanga na ji wani sauti, na waiga, kafaɗun ƙanena ne ke rawa. Ya juyo, hawaye na zuba, ya ce, “Yaya, sihirinka na ƙarshe ke nan fa.”

Gwaggo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta miƙe.

“Duk wannan tashin hankali, kuma ka kuskure. Ku ci gaba da zuwa, Malam. Amma kalmar nan, in na ƙara jin ta a gidana, har mai faɗinta zai bi kwalin. Ku faɗe ta da Faransancinku, shi ba ya kama mutum.”

Matan aron turmi ba su kwana da labarin ba. Kafin Juma'a ya isa Dembe. Maƙwabcin rumfata, da ya hango ni sai ya dafe hularsa ya ce a yi masa rai, yana da iyali. Wata mai sayen zannuwa ta tambaye ni a asirce ko ina yi wa na waje. A masallaci wani dattijo ya riƙe hannuna bayan sallama ya daɗe yana mini nasiha a kan shekaru da abin da ya dace da su, ni kuwa na ce na gode. Har yau in na ratsa layin masu takalma akwai mai yin minshari.

Lahadin da ta biyo baya na so in tsaya kasuwa har magariba. Ƙanena ya aiko matata ta gaya mini cewa attajirin yana nan a farke, kuma ba mai iya masa sai ni. Na dawo na zauna a ƙarshen tabarma, bayana ga ƙofar Gwaggo. Da layi ya zo kaina na faɗi kalmar Faransancin ƙasa-ƙasa, a karkace, yadda harshena ya iya. Ƙanena yana cin tuwo da hannu ɗaya, ya ce bai ji ba, in sake.